An Hana Kwana a Nan

Wata goma sha ɗaya ke nan da Injiniya ya gama jami'a, kuma wata goma sha ɗaya ke nan yana kwana a doguwar kujerar falon kawunsa, har kujerar ta ɗauki siffarsa: rami a inda ƙugu ke sauka, maiƙo a inda ƙeya ke sauka. Sunan Injiniya ba wanda ya raɗa masa. Shi ya yi wa kansa ranar da ya dawo da kwalin digiri a hammata, unguwa kuwa ta karɓa, don suna ba ya tare wa kowa hanya.

Kawun mai ba da hannu ne a babbar mararrabar da ke bakin kasuwa. Shekara ashirin da biyu yana tsaye a kan ɗan dandamalin siminti a tsakiyar titi, da farar safar hannu da usur a baki, rana ta dafa shi har ta gaji ta bar shi. Shi kuma Injiniya a kan wannan harkar ya rubuta kundin kammala karatunsa: lissafin jinkirin da motoci masu yin kwana ke jawowa a mararraba. Shafi ɗari da arba'in, bango mai ruwan zinare. Ba a taɓa cin abinci a gidan nan ba tare da an ji wani babi daga ciki ba.

Da cokula yake bayani. Sai ya jera su a kan tabarma, ya ce wannan cokalin zai yi kwanar hagu, to dole ya tsaya a tsakiya yana jiran rata a cikin masu tahowa ta gaba, duk cokalin da ke bayansa kuwa ya tsaya ko da shi miƙewa zai yi. Kowace mota mai kwana, in ji shi, tana cinye daƙiƙa goma sha huɗu. A ninka da motocin da ke baya, a ninka da mutanen da ke cikinsu, a ninka da kwanakin shekara, sai a ga garin yana asarar shekara goma sha tara a cikin kowace shekara guda.

Matar Kawu ta ce, to ashe shi ya sa take jin ta tsufa da wuri. Ta karɓe cokulanta.

Abin da ya fi ba Kawu sha'awa shi ne yadda kowane bayani ke farawa da “mu ƙaddara”. Mu ƙaddara duk motoci tsawonsu ɗaya. Mu ƙaddara kowane direba yana bin alama. Mu ƙaddara babu mai tsayawa sayen lemo a tsakiyar titi. Rannan Kawu ya ajiye lomarsa ya dube shi.

“Ɗan nan, ni a sanina Allah kaɗai ke ƙaddarawa. Kai wa ya ba ka?”

Injiniya ya yi murmushin da ake yi wa wanda bai shiga aji ba, ya ce kalmar ilimi ce, kuma ba laifin Kawu ba ne.

Wasiƙa tara ya aika ofishin kula da zirga-zirga. A ta goma Darakta, wata mace mai tabarau da ba a taɓa ganin ta yi dariya a bakin aiki ba, ta gaji ta kira shi. Ta ce ta ba shi safiyar Talata, daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu, ya gwada dabararsa a mararrabar kasuwa, ita da kanta za ta zo da agogo. In jiran motoci ya ragu ko da kashi ɗaya cikin huɗu ne, akwai tebur da kujera suna jiransa a ofishinta. In bai ragu ba, ya daina rubuto mata.

Kafin la'asar unguwa duk ta ji an ɗauke shi aiki. Kafin magariba an ji har da mota. Ya gaya wa matar Kawu ta fara neman wanda za ta ba kujerar falo, don shi kwanansa a kanta ya ƙare.

Dabarar ba ta da wuya, in ji shi, ganinta ne ke buƙatar ƙwaƙwalwa. Za a hana kwana a mararrabar gaba ɗaya. Duk mai son juyawa sai ya miƙe taku ɗari uku zuwa wata 'yar kafa da ke tsakiyar titi daura da gidan mai, ya juyo ta can. Mararraba ta huta, motoci su riƙa wucewa kamar ruwa a kwata. Mai ba da hannu ma ba a buƙatarsa, amma wannan a takarda kawai ya rubuta, bai faɗa a gida ba.

Saura ƙirga motoci. Kwana uku ya yi zaune a bencin mai faci da ke gefen mararrabar, da littafi da biro mai launi huɗu. Tunda ba zai iya bin kowace mota da ido ba, sai ya sauƙaƙa wa kansa: duk wadda ta kunna sigina mai kwana ce, duk wadda ba ta kunna ba mai miƙewa ce. Mai faci, dattijon da shagonsa shi ne ɗakin kwanansa tun kafin a haifi Injiniya, ya leƙa littafin yana murza wani tsohon tif na taya a hannu. Ya ce masa, a nan fa wanda ya kunna sigina yawanci mantawa ya yi da ita tun daga gida, wanda ya kunna duka biyu yana nufin miƙewa zai yi, mai kwana kuwa hannu yake ɗan zarowa ta taga, wani ma haɓa kawai yake ɗagawa.

“Baba, haɓa ba ta shiga lissafi.”

“To ai ita ke shiga kwana,” in ji mai faci, ya koma kan tayarsa.

Ƙirga ta nuna mota ɗaya ce cikin goma ke yin kwana. Injiniya ya ja layi biyu a ƙarƙashin adadin. Ya kuma haɗa tsawon duk abin da ya wuce ta gabansa, daga keke har tirela, ya raba, ya samu wata halitta da ya kira matsakaiciyar mota, mita huɗu da rabi. Ya je ya auna kafar gidan mai da igiyar shanyar matar Kawu, ya ga matsakaiciyar mota za ta juya a ciki har da rangwaɗa.

Sai alluna. Ya tafi wurin mai fentin da ke rubuta sunayen shaguna, ya ce yana son manyan alluna huɗu, ɗaya a kowace fuska, a rubuta da jan fenti: AN HANA KWANA A NAN. Mai fenti ya cire burushi daga bayan kunne ya tambaye shi wane kwanan.

Injiniya ya ce bai zo nan don a yi masa jarrabawa ba, ya riga ya ci tasa. Mai fenti ya ce gaskiya ne, amma ko a ɗan ƙara hoto saboda waɗanda ba su iya karatu ba? Injiniya yana duban agogo ya ce a ƙara duk abin da ya dace, shi dai a kawo su ranar Talata a lulluɓe, don Darakta ce za ta buɗe da hannunta.

Ranar Litinin guga ya wuni yana yi. Kwat ɗin da zai sa ta aro ce, ta wani maƙwabci mai ƙiba, sai da aka naɗe hannuwan sau biyu. Matar Kawu ta ce ko zai je ya leƙa allunan, ya ce mata babban mutum ba ya bin ƙananan abubuwa, rarraba aiki yake yi.

Talata ƙarfe takwas saura kwata an kafa alluna huɗu, kowanne da tsohon labule a kansa. Masu shaguna sun fito, 'yan babur sun jingina, har masu tallan ruwa sun sauke. Darakta ta iso, direbanta ya ajiye mota a gefen shagon mai faci. Ta buɗe fayil, ta ce kafin a fara za ta karanta taƙaitawar da mai shirin ya rubuto, don kowa ya san abin da ake gwadawa. Injiniya ya ce ba sai an wahalar da ita ba. Ta ce ba wahala.

Ta karanta daƙiƙa goma sha huɗu. Ta karanta shekara goma sha tara. Sannan ta karanta, da murya ɗaya ba hawa ba sauka, cewa binciken ya gano kashi arba'in cikin ɗari na jinkirin mararrabar nan daga mai ba da hannu yake, wanda yake aiki da zato da tsufa ba da ilimi ba, kuma cire shi zai zama alheri ga al'umma.

Kawu yana tsaye taku uku daga wurin. Ya zare safar hannunsa yatsa bayan yatsa, ya ninke ta, ya sa a aljihu, ya tafi bencin mai faci ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Injiniya ya ji gumi ya sauko masa ta cikin kwat, amma ya gaya wa ransa cewa ilimi ba shi da kawu.

Darakta ta ja labule, aka yaye sauran ukun.

Rubutun ya fito ɓaro-ɓaro, ja kamar jini. A ƙarƙashinsa kuwa mai fenti ya zuba basira: wani mutum kwance a tabarma, da matashin kai, da bargo har wuya, takalmansa a jere a gefe, ga wata da taurari uku a sama, an ja jan layi an gicciye shi duka. Mutumin har ɗan murmushi yake yi.

Darakta ta sauke tabarau ta dubi allon, ta dubi Injiniya. Shi kuwa bakinsa bai taɓa barinsa a hanya ba. Ya ce wannan alama ce ta zamani, mutumin da ke kwance yana wakiltar motar da ta tsaya, bargon shi ne jinkiri. Darakta ta tambayi takalman fa. Ya ce fasinjoji ne.

Mai faci ne ya fara tasowa, da ƙarfen cire taya a hannu. Ya ce shekara talatin yana kwana a shagon nan, gwamnati huɗu ta zo ta wuce ba wadda ta tashe shi, sai yau ɗan da ya ba benci kwana uku, har da ruwan sha? Kuma wa ya ba su izinin zana shi? Don kowa ya duba ya san bargonsa ne. Maigadin kasuwa ya ce a'a, shi aka zana, ga takalmansa nan. Suka kama musu a kan wanda aka ci wa mutunci.

Ana cikin haka agogo ya buga takwas, Darakta ta danna nata, motoci suka taho. Tasi ta farko ta iso gaban allo, direban ya rage gudu, ya karanta, ya gyaɗa kai alamar ya yarda da dokar, ya sha kwanarsa ta hagu. Ta biyu ma haka. Wata bas ta bi su, kwandastan yana rataye a ƙofa yana cewa gara da aka hana, mutane sun mai da titi ɗakin uwarsu.

Injiniya ya ruga tsakiyar titi, hannuwan kwat suna warwarewa, ya tare wata tasi ya nuna allo.

“Malam, ba ka iya karatu ba ne? An hana kwana.”

“Ni na ce maka zan kwana? Gidana na nan bayan kasuwa, da matata da katifata.”

“Ba wannan kwanan ba. Kwana, kwana,” yana murɗa hannu kamar mai riƙe da sitiyari.

“To ka gaya wa na kwancen nan ya tashi ya faɗa da bakinsa.”

Ya cire kwat ɗin ya rufe hoton allo ɗaya da ita. Ya liƙe na biyu da manyan takardun jadawalinsa, iska ta kwashe su, shafin matsakaiciyar mota ya manne a gilashin wata bas. Da ya ga alluna sun ci amanarsa, sai ya haye dandamalin Kawu da kansa, ya shiga tura kowa gaba, yana ihu a miƙe a juyo ta gidan mai. Direbobi suka ga mutum da naktaye a tsakiyar rana, ga kuma mace mai tabarau tana rubutu, suka ce wataƙila babba ne zai wuce, suka bi.

Minti shida abin ya yi kyau. Mararraba ta buɗe, motoci na wucewa. Injiniya ya waiwayi Darakta ya ɗaga mata babban yatsa, ya waiwayi bencin mai faci ya ɗan ɗaga gira. Kawu yana yankan farce.

A can gidan mai kuwa, kafar da aka auna wa mota ɗaya cikin goma ta ga rabin garin ya nufo ta. Duk masu ɗaga haɓa sun hallara. Layi ya miƙe taku hamsin, ya kai ɗari, ya kai ɗari biyu. Sai ga wata tirela ɗauke da buhunan siminti, wadda shekara da shekaru take shan kwanarta a mararraba cikin rufin asiri. Direban ya leƙo ya ce wa Injiniya motarsa ba za ta juya a kafar can ba. Injiniya ya ce an auna, a matsakaici za ta juya. Direban ya ce shi bai san wata unguwa mai suna matsakaici ba, amma tunda hukuma ta ce, bismilla.

Kan tirelar ya shiga kafar ya fita ɗaya hannun. Gindinta ya tsaya a wannan hannun. Cikinta ya hau kan simintin tsakiya ya zauna daram, tayoyin baya suna juyawa a iska. Hanya mai zuwa ta toshe, mai dawowa ta toshe. Direban ya kashe inji, ya sauko, ya shimfiɗa kwali a inuwar motar.

Kafin ƙarfe tara wutsiyar layin ta dawo cikin mararrabar, ta gicciye masu tahowa daga kasuwa, su kuma suka gicciye na ɗaya ɓangaren, kowa ya cusa hancinsa a bayan wani har fuska huɗu suka ɗaure kamar igiyar da yara suka yi wasa da ita. 'Yan babur suka hau dakalin shaguna. Wani mai kai ƙwai ya fito yana rantsuwa ƙwan zai ƙyanƙyashe a but ɗin motarsa. Wata malamar makaranta ta fara duba takardun jarrabawa a kan sitiyari. Hon kuwa tun ana yi da fushi har aka koma yi da kiɗa.

Injiniya yana kan dandamali yana kaɗa hannu biyu, ba mai motsi, don ba inda za a motsa. Darakta ta ratso tsakanin motoci a karkace, ta tambaye shi yanzu jiran daƙiƙa nawa ne. Ya buɗe littafi, ya ce a ƙa'idar lissafi, in mota ba ta motsa ba sam, ba a cewa ta yi jinkiri, tunda jinkiri sai da isowa ake auna shi. Saboda haka a yanzu jinkirin mararrabar sifili ne. Ya ce wannan ya wuce kashi ɗaya cikin huɗun da ta nema.

Direban tasi na ɗazu, wanda ya zaga ya dawo ya maƙale daidai gindin dandamali, ya zuro kai.

“Ranka ya daɗe, tambaya ce da ni. Ka ce an hana kwana a nan, ga shi kuma ka shirya mana shi. Bargon ku za ku raba, ko kowa ya aika gida?”

Dariyar ta tashi daga wannan motar ta bi layi, ana miƙa maganar daga taga zuwa taga har gidan mai. Aka ce har direban tirela ma ya ji ta a kwance ya ce a ba shi nasa da matashi. Darakta ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Waɗanda suka san ta sun ce ba su taɓa gani ba.

Da ta natsu, ba wurin Injiniya ta koma ba. Bencin mai faci ta nufa, ta tsaya gaban Kawu, ta ce Baba a taimaka. Kawu ya ce shi da zato da tsufa yake aiki, kada ya ɓata musu ilimi. Sai da ta faɗa sau uku, mai faci ya sa baki, sannan ya miƙe, ya sa safar hannu yatsa bayan yatsa. Ya isa dandamali ya dubi ɗan 'yar'uwarsa. Injiniya ya sauka ba tare da an ce masa ba.

Usur ɗaya, hon ya ɗauke. Kawu ya aika mai faci da jak biyu da katakai wurin tirela, ya kira kwandastoci da sunayen da shi kaɗai ya san su da su, ya sa aka ja wata bas baya taku biyu, aka ɗaga wata ƙaramar mota da hannu aka ajiye gefe. Rata ta samu kamar ta allura, ya fara zare motoci ta cikinta ɗaya bayan ɗaya. Masu kwana yakan tara su biyar ko shida, ya tsai da masu tahowa da tafin hannu, ya sake su gaba ɗaya. Bai tambayi kowa inda za shi ba, fuska kawai yake duba. Ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintoci mararraba ta koma hayaniyarta ta kullum, wadda ranar kowa ya ji ta kamar waƙa.

Injiniya ya matso kusa da Darakta, ya ce abin da Kawu ya yi ɗin nan, tara masu kwana a sake su rukuni-rukuni, yana babi na shida na kundinsa, a gaskiya ma ana iya cewa gwajin ya tabbatar da shi. Darakta ta ce madalla, to ya ba Kawu ya karanta, ya ga abin da ya shekara ashirin da biyu yana yi. Ta miƙa masa fayil ɗinsa, ta tuna masa alkawarin daina rubutu. Ta ce alluna uku za ta tafi da su, akwai wasu ma'aikata a ofishinta da hoton zai yi wa amfani.

Na huɗun ba wanda ya ga inda ya yi.

Injiniya ya daɗe yana zaga unguwa kafin ya koma gida, don ko'ina ya bi sai wani ya tambaye shi ko an fara rabon bargo. Kwat ɗin maƙwabci ma ba a same ta ba. Da la'asar sakaliya ya shiga falo yana shirya yadda zai bayyana cewa laifin mai fenti ne, da direbobi, da ƙasar da ba ta san darajar masana ba.

Allon yana jikin bango, daidai saman doguwar kujera, an kafe shi da ƙusa huɗu. Mutumin cikin bargo yana ta murmushinsa. An naɗe zanin rufar Injiniya an ɗora a kan jakarsa, kundin mai ruwan zinare a sama. Kawu yana zaune a kujerar, a cikin ramin da ƙugu ya haƙa, yana jiƙa ƙafafunsa a roba.

Injiniya ya karanta allon kamar bai taɓa ganinsa ba.

“Kawu, wane kwanan?”

Kawu bai ɗago ba. Ya ƙara ruwan ɗumi a robar, ya motsa yatsun ƙafa.

“Mu ƙaddara duka biyun,” in ji shi. “Ka miƙe kawai. In ka kai gidan mai, kada ka juyo.”